Babi na Bakwai: Gadon Jini da Gadon Kwano

Ranar sadakar uku ta wani maƙwabcinmu, tela a bakin kasuwa, an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai ƙanen marigayin ya biyo ni har ƙofar zaure ya riƙo hannun rigata.

"Likita, don Allah minti biyu."

Na tsaya.

"Ka san Baba da ciwon ciki ya rasu. Ga Yaya ya bi shi, kuma yadda na ga Baba ya ƙare, haka na ga Yaya ya ƙare. Ni kuma shekara huɗu ke nan ina shan maganin olsa. Ka gaya mini tsakani da Allah, layi muke bi?"

Na san jinyar yayan nasa tun farkonta. Da ƙwannafi ta fara, da zafi a ƙahon zuci, irin wanda kowa ke cewa olsa ce. Ya yi shekaru yana sayen omeprazole a kemis, ya sha ya ji sauƙi ya koma kan keke. Daga baya ya zamana in an kawo tuwo, loma uku zai yi ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke yi wa jama'a awo, sai ga shi yana rage wa kansa ƙugun wando sau biyu cikin wata huɗu. Dangi suka ce sammu ne, a abinci aka ba shi. Aka kai shi ƙauye, aka ba shi jiƙo ya yi ta amai, aka ce ya amayar da abin. Sa'ad da aka zo asibiti aka zura masa bututu mai kyamara ta baki, ciwon daji ya riga ya cinye rabin tumbinsa ya tsallaka hanta.

Tambayar ƙanen nasa ba ta tsoro ce kawai ba, tana da tushe. Binciken likitoci a ƙasashe da dama ya nuna cewa wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko wanda suke ciki ɗaya ya yi ciwon dajin tumbi, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Sai dai mu da mun ji an ce ciwo na bin dangi, tunaninmu kan tafi ga jini kaɗai. A wannan ciwon kuwa, abu biyu 'yan gida ɗaya ke tarayya a kai. Akwai wanda suka zo da shi daga tsatso, akwai kuma wanda suka kwasa a tsakar gida tun suna rarrafe. Na biyun ya fi yawa, kuma shi yana jin magani.

Ƙwayar da aka ce ba za ta rayu ba

Har zuwa wajen 1980, abin da ake koya wa ɗaliban likitanci shi ne babu wata ƙwayar cuta da za ta iya zama a tumbin ɗan Adam, don ruwan asid ɗin da ke cikinsa yana narkar da nama, balle ita. Gyambon ciki kuwa, aka ce damuwa ce da yaji da yawan asid ke kawo shi. Mu a nan muka ƙara da yunwa.

A 1979, wani likita mai duba tsokar marasa lafiya a ƙarƙashin madubin awo, Robin Warren, a birnin Perth na Ostireliya, ya fara ganin wasu ƙananan halittu masu lanƙwasa kwance a bangon tumbi, kuma duk inda ya gan su sai ya ga wurin ya kumbura. A 1981 wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji, ta ƙi tsirowa, saboda ma'aikata kan zubar da farantan gwajin bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu farantan suka yi kwana biyar ba a taɓa ba, da aka dawo sai ga ta ta tsiro. Ashe ba ƙin girma take yi ba, mai nawa ce.

Manyan likitoci ba su yarda ba. Marshall ya gwada sa wa aladu ita, abin bai kama ba. A 1984, yana da shekara 32, ya sa aka duba cikinsa aka tabbatar lafiyarsa lau, sannan ya kaɗa ƙwayar a ruwa ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, bakinsa ya ɗauki wari. Da aka sake leƙa tumbinsa, ga kumburi ga ƙwayar. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel, shi da Warren. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori, a takardun asibiti za ka ga an taƙaita shi H. pylori.

Dabararta ta zama cikin asid abar mamaki ce. Tana da 'yan jeloli da take wutsilawa ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi, inda asid bai cika kaiwa ba. Tana kuma fitar da wani sinadari da ke mai da yuriya ta zama amoniya, amoniyar ta kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita, kamar yadda uwar gida kan jefa kanwa a miya in tsamin yakuwa ya yi yawa. In ta samu wurin zama, sai ta zauna har tsufan mai ita, muddin ba a kore ta da magani ba.

Yadda take shiga gida

Wajen rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma ba baƙuwa ba ce. Nazarin asalinta ya nuna tare da ita kakannin 'yan Adam suka fita daga Afirka kimanin shekara 60,000 da suka wuce. Akasarin masu ita sun kamu ne kafin su kai shekara 10, kuma a gida: daga uwa zuwa ɗa, daga yaya zuwa ƙane. Hanyarta miyau ne, da amai, da bayan gida in ya samu hanyar komawa baki ta hannu ko ta ruwan sha. Cunkoso a ɗaki, da rijiya kusa da masai, da ƙarancin ruwan wanke hannu, duk suna share mata hanya.

Ka tuna yadda aka yi renonmu. Uwa ta tauna nama ta sa wa yaro a baki don tausayi. Ta ɗanɗana koko ta ji ko ya huce, ta ba shi da wannan cokalin. Yara shida a kwano ɗaya, moɗa ɗaya a bakin randa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da aka yi da mugun nufi, ƙauna ce da zumunci. Amma ta irin wannan kusancin ƙwayar ke ratsa zuri'a, kaka ta ba uwa, uwa ta ba 'ya'ya, har a wayi gari gida guda na fama da ciwo iri ɗaya a ce jini ne. Babba bai cika kamuwa da ita sabuwa ba, don haka ba sai an raba wa magidanta kwano ba. Inda ya kamata a sa ido shi ne bakin jariri da hannun mai reno.

Tafiyar shekara talatin

Kada wanda aka ce yana da ita ya ɗauka an yanke masa hukunci. Mafi yawan masu ɗauke da ita za su rayu su tsufa ba su san tana nan ba. Kamar 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke yin gyambon ciki, waɗanda ke kaiwa ga ciwon daji kuwa ba su wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Amma da yake masu ita biliyoyi ne, wannan ɗan kason shi ne mafi yawan mutum kusan miliyan ɗaya da ke kamuwa da dajin tumbi kowace shekara. Shi ya sa a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Lyon ta Faransa, ta sa H. pylori a rukunin farko na abubuwan da ke jawo daji, sahu ɗaya da taba sigari.

Wani likita ɗan Kolombiya, Pelayo Correa, shi ya zayyana matakan tun 1975, kafin ma a san da ƙwayar. Da farko bangon tumbi ya kumbura, kumburin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da tafiya ta yi nisa, sai sassan da ke samar da asid su ƙanƙance, bangon ya yi siriri. Daga nan sai fatar wurin ta sauya ta koma kama da ta hanji. Sai wasu ƙwayoyin halittar su fara fita daga tsari, sannan daji. Tafiyar kan ci shekara talatin, arba'in, ko fiye, kuma akasarin mutane a matakin farko suke tsayawa. Gishiri mai yawa, da abincin da aka adana da gishiri, da taba, su ne ke tura mutum gaba. A Amurka, a shekarun 1930, dajin tumbi ne ya fi kowane daji kashe maza. Da firji ya shiga gidaje aka rage cin naman gishiri, ruwan famfo ya wadata, yara suka daina kwasar ƙwayar, sai ciwon ya ja baya ba tare da an ƙirƙiro masa wani magani ba.

Wani bincike da aka buga a 2001 ya bi mutum 1,526 a Japan kusan shekara takwas. A cikin masu ƙwayar, kusan 3 cikin 100 sun kamu da dajin tumbi. A cikin waɗanda ba su da ita, ko mutum ɗaya bai kamu ba.

Inda jini ke da hannu

Wannan ba ya nufin jini ba ruwansa. Sarkin Faransa Nafoliyon, sa'ad da yake jinyar ajali a tsibirin Sant Helena, tambayar ƙanen telan nan ce ke cin ransa. Mahaifinsa ya rasu a 1785 da ciwon tumbi bai kai shekara 40 ba. Don haka ya umarci likitansa cewa in ya mutu a buɗe cikinsa a duba, a sanar da ɗansa abin da aka gani. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 1821, yana da shekara 51, aka buɗe aka tarar tumbin ya lalace. Duk da haka Turawa sun daɗe suna raɗe-raɗin guba aka ba shi. Ashe zargin sammu ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Tabbataccen dajin tumbi na tsatso an gano shi ne a wani babban gida na ƙabilar Maori a Niyu Zilan. Cikin shekara 30 sun binne mutum 25 da wannan ciwon, ƙaraminsu ɗan shekara 14. Su da kansu suka nemi masana a Jami'ar Otago, suka tattara tarihin zuri'arsu suka ba da jininsu. A 1998 Parry Guilford da abokan aikinsa suka gano tangarɗa a wata ƙwayar halittar gado da ake kira CDH1, wadda aikinta shi ne manne ƙwayoyin bangon tumbi da juna. Duk ɗan da mai wannan tangarɗar ya haifa, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne. Wanda ya gada akan ba shi shawarar a cire masa tumbin gaba ɗaya tun yana lafiya, a haɗa maƙoshi da hanji, ya ci gaba da rayuwa yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Irin wannan bai da yawa: duk dajin tumbin da ke zuwa ta tsatso kai tsaye bai wuce 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Alamarsa ita ce a ga ciwon ya kama mutum biyu, uku a gida ɗaya, kuma suna matasa, wani lokaci tare da wani nau'in dajin mama a matan gidan.

Tsakanin waɗannan biyu akwai inda jini da ƙwaya ke haɗa kai. A 2023 masu bincike a Japan suka duba mutanen da suka gaji rauni a ƙwayoyin halittar da ke gyara ɓarna a jiki, irin su BRCA1 da BRCA2 waɗanda aka fi sani a dajin mama. Lissafinsu ya nuna cewa zuwa shekara 85, mai wannan raunin da ke kuma ɗauke da H. pylori, haɗarinsa ya kai kashi 45 cikin 100. Mai ƙwayar da bai da raunin, kashi 14. Wanda ba shi da ƙwayar kuwa, da raunin da ba raunin, bai kai kashi 5 ba. Raunin gado busasshiyar ciyawa ce a kan rufin ɗaki, tana iya shekara da shekaru ba abin da ya same ta, sai ranar da tartsatsi ya faɗo.

Abin da aka gwada a Koriya

Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da ciwon ya fi yi wa ɓarna, tare da Japan da Mongoliya da Sin, har gwamnati ta tsara a riƙa leƙa tumbin duk wanda ya kai shekara 40 bayan kowace shekara biyu. A can ne wani likita a Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa, Il Ju Choi, ya ɗauki tambayar da aka yi mini a ƙofar zaure ya mai da ita gwaji. Ya tara mutanen da ke da ƙwayar kuma iyayensu ko 'yan'uwansu na ciki ɗaya sun yi dajin tumbi. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ba su maganin kashe ƙwayar, rabi aka ba su na wofi mai kama da shi, aka bi su fiye da shekara tara. Sakamakon ya fito a 2020. Cikin mutum 832 da suka sha maganin gaske, 10 ne suka kamu. Cikin 844 da suka sha na wofi, 23. Haɗarin ya ragu da fiye da rabi. Da aka sake dubawa, biyar daga cikin goman nan ma maganin bai kashe musu ƙwayar ba. Waɗanda ta mutu a cikinsu da gaske, haɗarinsu ya sauka da kashi 73 cikin 100.

Ka lura, raguwa ya yi, bai ɓace ba. Wanda tumbinsa ya riga ya yi nisa a matakan Correa yana buƙatar a ci gaba da duba shi ko bayan magani. Shi ya sa gwaji a shekara 30 ya fi gwaji a shekara 60 amfani. Japan ta fahimci haka, tun 2013 inshorar lafiyarta ke biyan kuɗin wannan magani ga mai kumburin tumbi, ba sai ya jira gyambo ba.

Mu fa?

Ƙasarmu na da suna a wannan labari. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya tarar fiye da mutum 80 cikin 100 da aka gwada a yankin na ɗauke da alamar ƙwayar, yawancinsu tun ƙuruciya, amma dajin tumbin da ake gani a asibiti bai kai na gabashin Asiya ba. A 1992 ya kira abin da "wasa ƙwaƙwalwar Afirka". Masana sun kawo dalilai: bambancin nau'in ƙwayar, da bambancin abinci, da tsutsar ciki da ke sauya yadda garkuwar jiki ke mai da martani. Wasu kuma suka ce a fara duba lissafin tukuna. Mutum nawa ne a karkararmu ake zura wa kyamara a ciki? Mutum nawa ke rasuwa a gida a ce "ciwon ciki ne ya tashi", a yi jana'iza kafin la'asar? Mahaifin telan nan ba ya cikin kowane lissafi. Ko da ciwon bai kai na Koriya yawa a wurinmu ba, gidan da ya riga ya shiga sau biyu ba ruwansa da matsakaicin lissafin ƙasa.

Amsar da na ba shi

Na ce masa, "Malam, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, me aka ce ka yi?"

Ya ce, "In shafa wa nawa ruwa."

"To ruwan nan akwai shi. Ka same ni asibiti, kai da sauran 'yan ɗakinku."

Abin da na bayyana masa shi zan maimaita wa mai karatu. Gwajin da ke nuna ƙwayar na nan a raye iri biyu ne: na bayan gida da na numfashi. Gwajin jini da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, yana kuma iya ci gaba da nunawa bayan ta mutu. Kafin gwaji a dakatar da omeprazole da danginsa mako biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar kan lafe a ce babu. In an same ta, magani haɗi ne na iri uku ko huɗu, yawanci na kwana 14, kuma likita ne zai zaɓa, don mun sha Flagyl a kan kowace gudawa har ƙwayar ta saba da shi. Wanda ya sha kwana biyar ya ji sauƙi ya ajiye, horar da ita ya yi. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu, a sake gwaji a tabbatar ta tafi.

Akwai kuma alamun da ba a tsayawa gwajin bayan gida a kansu, kai tsaye sai kyamara: rama ba dalili, saurin ƙoshi, amai mai naci ko mai jini, bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, ƙarancin jini, abinci na tsayawa a ƙirji, ko "olsa" da ta fara sabuwa bayan mutum ya manyanta. Omeprazole na kwantar da zafin daji kamar yadda yake kwantar da na gyambo, nan ne haɗarinsa ga mai sayensa a kemis shekara da shekaru. A rage gishiri da dunƙule, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. A bar taba. A yi hattara da maganin gajiya na 'yan talla, yawancinsa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, su ma suna ƙwaƙule tumbi.

Su huɗu suka zo. Uku aka samu da ƙwayar. Shi da yake ya daɗe da ciwo aka leƙa cikinsa, aka ga gyambo, aka gutsuri tsoka aka auna, babu daji. A kwana na shida da fara magani ya kira ni yana ƙorafi, wai bakinsa ɗaci kamar ya tauna maɗaci, ko zai huta kwana biyu? Na ce a'a, ya daure. Yayarsu ce ta fi ba ni aiki. Da na zo kan maganar tauna wa jariri abinci, sai ta ɗaure fuska ta ce, "Likita, mu da haka Inna ta raine mu, kana nufin ita ta sa mana?" Na ce, "Hajiya, ita ma haka aka ba ta, kuma a zamaninta likitocin duniya ma ba su san da abin ba. Ke ce aka fara gaya wa." Ta yi shiru, sannan ta ce jikarta na da wata bakwai, za ta saya mata cokalinta daban.

Da aka raba gadon marigayin, keken ɗinkin ya faɗo a rabon 'ya'yansa, suka bar wa baffan nasu yana juyawa yana ciyar da su. Kwanakin baya na kai masa yadi. Ya jawo aljihun teburin zai ɗauko littafin awo, sai na hango takardar gwajinsa na biyu a ninke a ciki, gefenta ya yi baƙi da man keke. Ya ga ina kallo, ya yi murmushi ya ce babban ɗan Yaya ya cika shekara 25, ranar Litinin zai kawo mini shi.